Jinyar Surukina a Landan

Tun da na dawo daga Ingila ban huta da tambaya ba. A ofis, a masallaci, har wurin mai shayin bakin titinmu, kowa sai ya ce, "Malam Garba, yaya Landan?" Wani labarin ƙanƙara yake so, wani na jirgin da ke tafiya a ƙarƙashin ƙasa, shi kuwa Isa direba abin da ya dame shi kawai ko na ga Sarauniya. Nakan ce musu lafiya lau in wuce, don a lokacin bakina bai buɗe ba. Yanzu da aka yi sadakar arba'in ɗin surukina, hankali ya ɗan kwanta, na ga gara in faɗa gaba ɗaya, wanda ya ji ya gaya wa wanda bai ji ba.

Ba yawo ya kai ni ba. Surukin nawa na raka asibiti, Alhaji Mamman mai fatu, mahaifin matata Hauwa. Kun dai san zamanin da muke ciki: kuɗin mai sun sauko, an yi wa ma'aikata ƙarin albashi, kowane masinja ya sayi babur, mai mura ma in yana da hali sai ya ce Landan zai je a duba shi. Alhaji ba ya cikin irin waɗannan. Ramewa yake ta yi, babbar riga tana neman ta haɗiye shi, likitan Kano ya ce yana zaton gyambon ciki ne, amma a je can a tabbatar. 'Ya'yansa maza kuwa duk allo suka yi da kasuwa. Aka duba dangi kaf, babu mai jin Turanci sai ni, akawu a ma'aikatar ayyuka. Da aka ce ni zan tafi har daɗi na ji, na sa tela ya ɗinka mini kwat. Babu wanda ya tsaya ya yi tunani, har da ni, cewa mutumin da za a sa ya zama bakin Alhaji da kunnensa shi ne wanda tun da ya auri 'yarsa bai taɓa haɗa ido da shi ba.

Tun a jirgi abin ya fara nuna kansa. Ni da in na hango shi a titi nake sauka daga keke in durƙusa, sai ga ni kafaɗa da kafaɗa da shi, an ɗaure mu da bel kamar awaki biyu a turke ɗaya. Aka kawo abinci a 'yan tire. Na duba na ce ina ni ina tauna a gaban suruki. Shi ma ya ɗaga murfin ya mayar. Baturiyar da ke rabo ta dawo ta tambaya ko ba mu da lafiya ne, na ce mata azumi muke yi, Allah ya yafe mini. Haka muka ƙetare Sahara da teku da yunwa, cikina yana ƙugi, ina ta tarin ƙarya don in rufa masa asiri.

A filin jirgin Landan takardunmu ba su ba mu wahala ba, kayan Hajiya surukata ne suka tsayar da mu. Ta ɗaure mana kuka da kuɓewa da yaji da daddawa da kilishi, kamar za mu buɗe kasuwa. Ma'aikacin kwastan ya kwance ƙullin daddawa, ya ja da baya har ya take ƙafar abokinsa. Ya tambaya, abinci ne ko magani? Na gaya wa Alhaji, ya ce, "Malam, ka ce masa duka biyun." Daddawa dai ta tsira, ina jin don ba wanda ya yarda ya riƙe ta. Kilishi suka ƙwace. Alhaji ya bi shi da ido ya ce, "Ka gaya masa in zai ci ya aje ruwa kusa." Ban fassara wannan ba. Da muka iso matakalar nan mai tafiya da kanta kuwa, ya tsaya ya kalle ta sosai, ya ce shi ba ya hawa abin da bai tsaya an hau shi ba. Muka bi ta ƙafa. A tsakiyar hawan na ga ya tsaya, ya sa hannu a ƙarƙashin rigarsa, goshinsa ya jiƙe duk da sanyin nan. Na kau da kai, kamar yadda aka koya mana.

Wani ɗalibi ɗan Zariya, Yusufu, shi ya tarbe mu, ya zo karatun injiniya. Hausarsa ta riga ta jiƙa da Turanci. Yana gama gaishe da Alhaji ya ce, "Baba, ku yi haƙuri, na yi muku booking na mota an yi cancel, sai dai mu hau bas." A unguwar Lewisham yake, a wasu ɗakunan haya a saman kanti, nan ya sauke mu. Ɗumin ɗakin ma sai an jefa sulalla a wani akwati yake zuwa, in sun ƙare wuta ta mutu ko kana tsakiyar alwala. Maƙwabta ba sa gaisuwa. Na yi wa wani dattijo sallama a bakin ƙofa, na tambayi iyalinsa da gajiyarsa, ya dube ni kamar na zo karɓar haraji. Abinci kuwa Allah ya saka wa Yusufu da alheri, ya iya tuƙa tuwon garin shinkafa. Ya kai ni Peckham wurin wata Bayarabiya mai sayar da doya da manja, tana jin daga Kano nake ta juya harshe zuwa Hausar Sabon Gari, na ji kamar na ga 'yar uwata. Alhaji yakan ci nasa shi kaɗai a ɗaki, mu mu ci a kicin. Na lura yana yawan ɗaukar buta, in ya shiga kuma yakan daɗe. Duk lokacin da na ji ya taɓa butar nan sai in ƙirƙiri aike in sauka titi, don kada ya ji nauyina.

A asibiti ɗaki guda suka fara ba shi, shi kaɗai. Kwana ɗaya ya yi ya ce ko mai kisan kai ba a kulle shi haka a Kano, a kai shi inda mutane suke. Aka mai da shi babban ɗaki mai gadaje a jere, ni kuma aka yarda in wuni tare da shi tunda ni ne tafinta.

Likitan wani dogon dattijo ne mai jan gashi, mutumin kirki, amma Bature ba shi da lungu a bakinsa. Ya fara da shekaru, da abinci, da barci, duk na fassara daidai. Daga nan ya ce in tambaye shi yaya fitsarinsa, yana fita da sauƙi ko da ƙyar, akwai zafi a ƙasan cibiya, yaya kuma tsakaninsa da iyalinsa. Jama'a, ku da kuka san abin da ake kira suruki, ku gaya mini da wane baki zan furta wannan. Na sunkuyar da kai na ce, "Baba, likita yana tambaya ko akwai wani abin da ke damunku ban da rashin cin abinci."

Ya ce, "Babu, Malam. Da sauƙi, sai godiyar Allah."

Na juya na ce wa likita ya ce babu. Da aka zo duba ƙasan cibiyar, Alhaji ya riƙe mazagin wandonsa ya ce in gaya musu nan lafiya lau. Na gaya musu. Sai suka koma kan ciki. Suka ba shi wani farin abu kamar kunun farar ƙasa ya sha, suka ɗauki hoto, suka kuwa sami ɗan gyambo, kowa ya yi murna an gano ciwo. Aka shiga ba shi magani. Kullum da safe likita zai tambaya yaya yake ji, in ce, "Baba, yaya jikin?" ya ce, "Da sauƙi," in ce wa likita ya ce ya ji sauƙi. A wurinmu ko wanda ke kan gargara haka yake amsawa, kowa ya san gaisuwa ce. Na sani sarai, amma a haka nake miƙa wa likita ita, shi kuma ya karɓe ta a matsayin labarin jiki.

A gadon da ke kusa da na Alhaji akwai wani mutumin Sifen, Manuel, ƙaton mutum mai gashin baki, kuku ne a wani otal. An yi masa aiki a ciki. Shekarunsa a Landan duk a bayan tukunya ya yi su tare da 'yan garinsu, Turancinsa bai wuce na gaisuwa ba. Shi wannan ba ya ɓoye komai. In ciwo ya motsa, duk ɗakin sai ya sani: "Ay, ay, madre mía!" Alhaji ya tambaye ni me yake cewa, na binciko na ce uwarsa yake kira. Ya riƙe baki ya ce, "Da wannan gashin bakin?"

Matarsa Pilar, 'yar gajeruwa mai kazar-kazar, shara take yi a ofisoshi, sai da yamma take samun zuwa. Tana shigowa za ta rungume shi ta sumbace shi a gaban kowa, ni in kama kallon rufi, Alhaji ya kama jan carbi da sauri. Turawa furanni da inabi suke kawo wa majinyaci, kamar furen zai riƙe masa ciki. Ita kuwa irin namu take yi, da kwano take zuwa a ɓoye cikin jaka. Ta taɓa ba ni wata wainar ƙwai da dankali, bayan ta rantse mini da hannu da ido cewa babu alade, ban ci abin da ya kai ta daɗi a Ingila ba.

Damuwarta ita ce da rana mijinta yana ihu, nas-nas suna tambayarsa da Turanci, shi kuma komai aka ce sai ya ce "yes". Da ta ga kullum ina nan zaune, sai ta tare ni a baranda wurin mai tura shayi, da guntun Turancinta ta roƙe ni in koyi 'yan kalmomi na yarensu in riƙa tambayarsa. Na ce to, ai zaman banza nake yi.

Ta fara da "¿Dónde le duele?", wato ina ne yake maka ciwo. Ta ce babba ake faɗa wa haka, kamar dai yadda muke ce wa manya "ku". Sai "¿Desde cuándo?", tun yaushe. Sai "¿Mucho?", da yawa ne. Sai "¿Quema o pincha?", zafi yake kamar wuta ko suka yake yi. Tana faɗa tana dafa jikinta: cabeza kai, pecho ƙirji, barriga ciki, espalda baya, pierna ƙafa. In mutum ya nuna wuri kuma ya ce "aquí", nan ke nan. Malama ce mai zafi, in na karkace baki sai ta buge mini hannu kamar malamin allo. A saman bas nake bitar karatuna in za ni gida. Wata rana ina ta "barriga, barriga" ina shafa ciki, wata tsohuwa ta tashi daga kusa da ni ta koma can gaba.

Karatun ya yi rana. Wata safiya Manuel yana nishi na je na yi masa tambayoyina a jere, maimakon ciki sai ya ce pierna, ya ce quema. Na ɗaga bargo na ga ƙwaurinsa ya kumbura. Na kira babbar nas, nan da nan aka taru a kansa, ashe jini ne ya daskare a jijiya, sun ce da an bar shi da ya iya kashe shi. Da yamma Pilar ta kama hannuwana biyu tana kuka. Ba zan ɓoye muku ba, kaina ya kumbura, ina tafiya a ɗakin nan kamar ni na gina asibitin.

Duk abin nan Alhaji yana kallo daga gadonsa. Ya ce, "Malam ya zama likitan Turawa." Ya tambaye ni ma'anar kalmomin ɗaya bayan ɗaya, na gaya masa ina kallon ƙasa. Ɗan kasuwa ne, kunnensa ba ya yar da abu. Ba a jima ba in Manuel ya fara nishi sai Alhaji ya leƙa ya ce, "Aki? Aki?" yana nuna masa kai ko ƙafa, Manuel ya fashe da dariya yana riƙe ɗinkinsa. Har goro ya koya masa ci. Suka zama abokai, ba mai jin yaren wani.

Ana haka likita ya ce gyambo ya warke, za a sallame mu, duk da yana mamakin yadda ramar ba ta tsaya ba. Ran nan bayan azahar Alhaji ya idar da salla a zaune, ya zo miƙewa ya kasa. Na ga ya damƙi ƙarfen gado har jijiyoyin hannunsa suka fito, leɓensa yana rawa. Na ce, "Baba, yaya jikin?" Ya ce, "Da sauƙi." Na tsaya. Na laluba Hausata kaf, harshen da aka haife ni a cikinsa, ban sami hanyar da zan bi in wuce wannan amsar ba tare da na yi masa rashin kunya ba. Ban shirya ba, wallahi ban shirya ba. Idona yana kan takalmina na ji bakina ya ce:

"¿Dónde le duele?"

Na zaci ya yi fushi. Ya juya fuskarsa wajen taga. Can sai na ga hannunsa ya taso a hankali, ya sauka a ƙasan cibiya, ya zagaya ya dafa ƙugunsa ta baya.

Ya ce, "Aki."

Na ce, "¿Desde cuándo?"

Bai juyo ba. Da Hausa ya amsa, amma taga ya gaya wa: "Tun kafin azumin bara."

"¿Mucho?"

Ya ce, "Mucho, Malam."

Na fita da gudu na nemo likita. A wannan karon na roƙa aka samo wani likita ɗan Sudan mai jin Hausa, aka ja labule, ni na tsaya a waje. Aka yi gwaje-gwaje, aka ɗauki hoton ƙashi. Da sakamako ya fito dattijon nan mai jan gashi ya kira ni ofishinsa ya ce ciwon daji ne, daga mafitsara ya faro, ya riga ya shiga ƙashin baya, aiki ba zai yi amfani ba. Ya cire tabarau ya ce, "Ban tambaye ka wannan ba tun ranar farko?" Na ce ka tambaya. Bai yi mini faɗa ba, na so a ce ya yi. Na tambaye shi da na faɗa tun ranar, da Alhaji zai warke? Ya ce ba zai yi mini ƙarya ba, mai yiwuwa tun kafin mu baro gida lokaci ya wuce. Amma makonnin nan da ya yi a gadonsu yana shan wannan azaba, ga magani a kabad ɗin da ke bayansa, wannan kam da bai sha ba.

Aka yi wa Alhaji allura. Kafin la'asar barci ya ɗauke shi, baki buɗe, hannuwa a sake, har da minshari. Tun da muka baro Kano ban taɓa ganin ya yi irin wannan barcin ba, sai a lokacin na gane ashe duk kwanciyar da nake gani rufe ido kawai yake yi. Na fita na zauna a matakala na yi kuka irin wanda rabona da shi tun rasuwar mahaifiyata. Baƙin cikina shi ne na koyi yaren wasu mutane don in tambayi baƙon da ban san garinsu ba, ga uban matata kuwa a gadon da ke kusa, tun daga matakalar filin jirgi nake ganin alama ina kau da kai, ina kiran abin ladabi.

Da aka yi wa Alhaji bayani ya ce to, a mai da shi gida, ba ya so a binne shi a ƙasar da rana ba ta fitowa. Ranar da za mu tafi Manuel ya rungume shi yana kuka wiwi, Alhaji ya tsaya ƙiƙam kamar an dasa shi, daga baya ya cire hularsa ya ɗora masa a ka. Pilar ta cusa mini wainar ƙwai a aljihun kwat. Ko adireshinsu ban karɓa ba, hankalina ba ya jikina.

Muna sauka Kano komai ya koma mazauninsa. Aka shimfiɗa masa a ɗakinsa na soro, 'yan dubiya suna shiga suna fita, ni kuma na koma inda suruki yake zama, can bakin ƙofa wajen takalma. Likitan Landan ya haɗo mu da takarda zuwa ga wani likita a nan wanda zai riƙa zuwa yana yi masa allurar in ciwon ya tashi. Sai dai wa zai san ya tashi? Kowa ya shigo, "Alhaji, yaya jiki?" Shi kuma, "Da sauƙi." Don haka na ɗauki hutu a ofis, kullum ina bakin ƙofar nan, mutane suna ta yaba mini hankali.

Ranar Laraba ta ƙarshe ɗakin ya cika maƙil da abokan kasuwancinsa, ana ta hirar farashin fata. Na ɗaga kai na ga ni yake kallo ta saman kawunansu. Shekarun nan duka bai taɓa yi mini irin wannan kallon ba, ni ma ban kau da ido ba. Ya ɗora hannu a ƙirjinsa kamar mai gyara riga, leɓensa ya motsa ba sauti, amma na gane "Aki" yake cewa. Na miƙe ban yi wa kowa sallama ba, na hau keke na ɗauko likita. Har yau babban ɗansa yana riƙe da ni a zuci, wai na fita ana tsakiyar magana kamar ba a gaban manya nake ba. Ban yi masa bayani ba.

Ranar Juma'a da hantsi ya cika, cikin barci, Allah ya jiƙansa ya sa ya huta. A wurin zaman makoki abin da kowa yake faɗa ɗaya ne: Alhaji Mamman namiji ne, duk jinyar nan har ya koma ga Allah ba wanda ya taɓa jin ya ce wash. Ina zaune ina amsawa da amin. Ni kaɗai na san ya faɗa, da yaren wani kuku ɗan Sifen ya faɗa, kuma da na tambaye shi da wuri, da ya faɗa da wuri.